Bayan Mura Ta Tafi: Shawarwari Ga Gidan Da Ke Da Mai Karkataccen Ƙashin Baya

A yawancin gidajenmu, ranar da zazzaɓi ya sauka ita ce ranar da jinya ta ƙare. Sai a naɗe tabarmar 'yan dubiya, a daina dama kunun mara lafiya, a ce Allah Ya ƙara sauƙi, kowa ya kama gabansa. Idan mai lafiyayyen ƙirji ne ya yi murar, babu laifi a haka: kwana goma, mako biyu, ya miƙe. Amma akwai waɗanda a wannan ranar ce jinyarsu ta biyu take farawa, kuma ita ba a zuwa mata dubiya. Cikinsu akwai manyan da ke rayuwa da karkataccen ƙashin baya, lalurar da likitoci ke kira sikoliyosis, mu kuma idan ta fito fili mukan haɗa ta da doro da ƙusumbi mu ba su suna ɗaya.

Dalilin yana ga ginin ƙirji. Ƙashin bayan da ya karkata ba gefe kawai yake lanƙwasawa ba, murɗewa yake yi kamar igiyar da aka tufka, haƙarƙarin da ke maƙale da shi kuwa dole su bi shi. A gefe ɗaya su matse da juna, a ɗayan su buɗe su turo baya, shi ne tudun da ake gani idan mutum ya sunkuya. Huhun da ke ciki yana iya zama lafiya ƙalau, sai dai ɗakin da yake zaune ya ƙuntata, bangonsa ya yi tauri. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya san zuga-zugin da fatarsa ta bushe: yana hura wuta, amma sai mai zuga ya ninka ƙarfi. Haka mai wannan lalura yake numfashi shekara da shekaru, bai ma lura ba, don jiki ya saba. Abin da ya rasa shi ne ajiya. Mura mai ƙarfi, ko korona, ko wata ƙwayar bairos da ta sauka ƙirji, takan cinye ɗan rarar da yake da ita, mayar da ita kuwa sai an yi makonni, wani lokaci watanni.

Masu wannan hali a ƙasar Hausa sun fi yadda ake zato. Akwai waɗanda bayansu ya karkata a shekarun balaga ba a san dalili ba, su ne mafi yawa a duniya, kuma a jikin 'yan mata karkatar ta fi yin nisa. Akwai dubban manyan da cutar shan inna ta taɓa suna yara. A Najeriya an ga mai ɗauke da ƙwayarta ta daji na ƙarshe a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, sun zama magidanta da iyayen 'ya'ya, teloli da masu shaguna. Ga waɗanda tarin fuka ya ci wa ƙashin baya, ga tsofaffin da baya ke karkacewa saboda zaizayar gaɓoɓi. Don gidajensu aka rubuta waɗannan shawarwari.

1. Ku san girman karkatar da inda take.

Ba kowane karkataccen baya ne yake taɓa numfashi ba, kuma bai kamata a firgita wanda ba shi da dalilin firgita ba. Likitoci suna auna karkatar a hoton ƙashi da digiri, ta hanyar da wani likitan ƙashi Ba'amurke, John Cobb, ya bayyana a 1948. Daga digiri 10 ake fara kiranta lalura. Yawancin masu ita ƙarama ce, kuma mai ƙaramar karkata da ba shi da wani ciwon zai warke daga mura kamar kowa. Wadda ke ƙasa, wajen ƙugu, ciwon baya ta fi kawowa. Wadda ke sama, a bayan ƙirji, ita ce ke matse huhu, musamman idan ta kai digiri 70 ta wuce.

A jihar Ayowa ta Amurka an bi wasu masu wannan lalura da ba a yi wa tiyata ba har tsawon shekara 50, Dakta Stuart Weinstein ya jagoranci fitar da sakamakon a 2003. Yawancinsu sun yi aiki, sun yi aure, sun tsufa. Haki ya fi addabar waɗanda karkatarsu ke saitin ƙirji kuma ta haura digiri 80. To amma waɗancan a balaga tasu ta fara. Wanda tasa ta fara tun yana ƙaramin yaro, lokacin da huhu bai gama tofo ba, da wanda shan inna ta raunana wa tsokar ƙirji, su lissafinsu daban ne: ko karkatar ba ta kai can ba, ajiyarsu kaɗan ce.

Wanda bai taɓa yin awon ba ya nema a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko takwarorinsa na Igbobi a Legas da na Inugu, ko asibitocin koyarwa. 'Yan'uwanmu na zango a Gana suna da asibitin FOCOS a Akra, wanda ya yi suna a aikin ƙashin baya. Tsohon hoto kuma kada a yar, kada a tura shi ƙarƙashin katifa ya kakkarye. Da shi ake gane ko baya ya ƙara tafiya.

2. Ku auna shi da jiyansa, ba da sauran mutanen gida ba.

Mura ɗaya ce ta zaga gidan, kowa ya miƙe, shi kaɗai ke haki har yanzu. A nan ake fara zunɗe: son jiki ne, raki ne, ta samu dalilin guje wa girki. Wannan zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tambayoyin da suka dace masu sauƙi ne. Kafin ciwon, yana isa masallacin unguwa ba tare da ya tsaya ba? Yanzu sau nawa yake tsayawa? Tana iya share tsakar gida a tashi ɗaya? Yana kai ƙarshen aya mai tsawo da numfashi ɗaya kamar da? A sami ɗan littafi a riƙa rubuta amsar kowace Juma'a. Idan mako na bin mako ana samun ci gaba, ko yaya ƙanƙantarsa, hanya ta yi kyau. Idan an tsaya cik wata guda, ko ana komawa baya, sai asibiti.

A watan Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'anar lalurar da ke biyo bayan korona: alamomin da ake samu wajen wata uku da fara ciwon, suka ɗauki aƙalla wata biyu, kuma babu wani ciwon da ya bayyana su. Manyansu gajiya, haki, da dushewar tunani. Mura mai zafi ma takan bar gajiya irin wannan. Mu da yawancinmu ba a taɓa yi wa gwajin korona ba ko a 2020 da abin ya yi tsanani, bai kamata mu ce sai mutum ya nuna takarda kafin mu yarda yana jin jiki ba.

3. Ku sa ido a kan barcinsa. Wannan ita ce shawarar da na fi so a riƙe.

Numfashin mai matsattsen ƙirji da dare yake fara gazawa, tun rana ba ta nuna komai ba. A farke mutum yana taimakon kansa da tsokar wuya da ta tsakanin haƙarƙari. Idan barci ya yi nauyi, musamman a lokacin mafarki, waɗannan tsokoki sukan saki, a bar tantanin da ya raba ƙirji da ciki yana aikin shi kaɗai. Numfashi ya koma sama-sama, iskar oksijin ta ragu, gurɓatacciyar iskar da ya kamata a fitar ta taru a jini. Wanda dama yake kan gaɓa, ciwon ƙirji ɗaya ya isa ya tura shi cikin wannan hali, kuma yana iya zama a ciki bayan tari ya daɗe da tafiya.

Alamominsa ba su yi kama da ciwon huhu ba, shi ya sa ake kuskure. Ciwon kai da asuba wanda ke washewa da hantsi. Tashi a gajiye kamar ba a kwanta ba. Gyangyaɗi da rana, a kan keken ɗinki, a wurin karatu, a tsakiyar hira. Firgita cikin dare da neman iska. Mugayen mafarkai. Kasa kwanciya rigingine. Mantuwa da saurin fushi ga mutumin da ba halinsa ba ne. Mu kuma mun tanadi suna ga kowanne: ciwon kan maleriya ne, a sayo magani; firgitar dannau ce, a yi tofi; gyangyaɗin tsufa ne. Addu'a ba ta hana kai mutum asibiti, kuma maleriya gwada ta ake yi, ba zato ba.

Miji ko mata, ko wanda suke ɗaki ɗaya, ya ɗauki dare ɗaya ko biyu ya saurara. Numfashin yana tsayawa ya dawo da ja? Yana ƙanƙancewa har sai an kasa kunne? A gaya wa likita da waɗannan kalmomin, a kuma roƙi a duba iskar jininsa, ba hoton ƙirji kawai ba. Maganin wannan hali wata na'ura ce mai takunkumi da ake sawa lokacin barci, tana tura iska cikin huhu tana sassautawa daidai da numfashi, ana kiranta BiPAP. Masu karkataccen baya suna cikin waɗanda ta fi yi wa amfani. Tana da tsada, kuma tana son wutar da ba ta yankewa, don haka gidan da aka rubuta wa ita sai ya yi lissafin batir ko sola tare da kuɗinta. Kafin nan, a ɗaga kai da kafaɗu da matasai biyu ko uku, a bar shi ya zaɓi gefen da numfashi ya fi yi masa daɗi. Babu gefe ɗaya da ya dace da kowa, tunda ba iri ɗaya bayan kowa ya karkata ba.

4. Kada a ba shi abin da ke kwantar da numfashi.

Mutum yana tari, baya na ciwo, barci ya ƙi zuwa. Aka aiki yaro kyamis. Abin da zai dawo da shi sau da yawa shi ne ainihin abin da bai kamata ya shiga bakin wannan mara lafiya ba: tiramadol don ciwon baya, maganin barci irin su diyazefam, ko maganin tari mai sa maye. Gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan binciken da BBC ta yi a kansa, amma wanda ya san kasuwa ya san bai ɓace ba. Dukkansu suna rage wa ƙwaƙwalwa himmar tura numfashi. Mai faɗin ƙirji zai iya ɗauka. Mai ƙuntataccen ƙirji yana iya kwanciya da su ya kasa farkawa, musamman idan aka haɗa biyu.

Ga ciwo, farasitamol ya fi aminci: babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu nauyin miligiram 500 a yini da kwana, mai ƙaramin jiki kuma ƙasa da haka. A duba kwalin maganin mura, da yawansu akwai farasitamol a ciki. Dikulofenak da ibufurofen suna rage ciwo, amma yau da gobe suna cin ciki suna taɓa ƙoda. Deksametazon ya ceci rayukan masu korona da ke kwance a asibiti kan oksijin, sai dai shan sa a gida wata da watanni yana ruɓar da ƙashi, ga mutumin da ƙashin bayansa dama yake ɗauke da kaya a karkace. Kafso kuwa ba ya kashe bairos. Likita ne zai ce ko wata ƙwayar ta biyo baya da ke buƙatarsa.

5. Ku mallaki ɗan abin awon oksijin na yatsa, amma kada ku ba shi amana duka.

Korona ta sa ya shigo kasuwa ya yi araha. Lafiyayyen mutum yakan nuna 95 zuwa sama. Mai tsananin karkata yana iya zama ƙasa da haka kullum, saboda haka a auna shi ranar da yake lafiya a rubuta, a san lambarsa. Hannu mai sanyi, kamar da asubar hunturu, da jan farce, da baƙin lalle, duk suna rikita awon. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: binciken da aka yi a Jami'ar Mishigan aka fitar a Disambar 2020 ya nuna na'urar ta fi ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata, kusan ninki uku a kan farar fata. Idan lamba ta ce lafiya, mutum kuma yana haki yana kasa ƙarasa magana, mutumin za a gaskata.

Sai maganar tukunyar oksijin. Gidajen masu hali sukan saya su ajiye, a buɗe ta sosai da zaton yawanta alheri ne. Ga wanda gurɓatacciyar iska ke taruwa a jininsa, oksijin mai yawa ba tare da na'urar taimakon numfashi ba yana iya ƙara tara ta, mutum ya yi ta barci har ya suma, 'yan gida suna murna ya samu hutu. Shi ya sa a asibiti akan tsayar da irin waɗannan marasa lafiya tsakanin 88 da 92. Likita ne ke faɗin adadin da za a buɗe.

6. Ku taimaka masa ya fitar da kaki.

Tari aikin ƙarfi ne: a cika huhu, a rufe maƙogwaro, a tunkuɗo. Wanda ba ya iya cikawa sosai tarinsa ba ya kai wa ƙasa, kaki ya zauna a lungun da haƙarƙari suka matse, daga nan nimoniya ke samun wurin zama. Don haka ba a neman kashe tari mai kaki, fitar da shi ake nema.

Ya zauna a miƙe gwargwadon iyawarsa. Ya yi numfashi a natse sau huɗu ko biyar. Sannan ya ja mai zurfi ta hanci, ya riƙe daƙiƙa biyu ko uku, ya saki, sau uku. Sannan ya buɗe baki ya huro da ƙarfi daga ƙirji, kamar mai son madubi ya yi gumi, sau ɗaya ko biyu. Kakin zai hauro inda ƙaramin tari zai fitar da shi. A yi haka safe da yamma, ba bayan cin abinci ba. Idan haƙarƙari na ciwo, ya rungume matashi a ƙirji lokacin tarin. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi suna koyar da wannan, da wasu dabarun kamar hura iska ta bututun roba cikin kwalbar ruwa, kuma zuwa ɗaya a gani da ido ya fi karatun shafi goma.

Ruwa da yawa yana tsinka kaki. Zuma a ruwan ɗumi tana lallashin maƙogwaro. Sirace kuwa, a lulluɓe mai haki da bargo a kan tukunyar tafasasshen ruwa, ban ga ribarsa da ta kai haɗarin ƙuna da shaƙewa ba.

7. Tarin da ya kai mako biyu, a gwada tarin fuka, wato tibi.

Gaskiya ne tarin bayan mura yana iya jan mako shida har takwas shi kaɗai. Amma a ƙasar da tibi ya yi yawa kamar tamu ba a zama a kan wannan zaton. Gwajin kaki da maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya. Idan akwai rama, gumin dare, zazzaɓin yamma ko jini a kaki, ko mako biyun ba a jira. Wanda tibi ne dama ya lanƙwasa masa baya ya faɗi haka tun a bakin ƙofa.

8. Ƙarin ciwon baya ba lallai ƙarin karkata ba ne.

Da yawa sukan tashi daga jinya su ga kamar sun ƙara rusunawa, kafaɗa ta ƙara sauka, hankali ya tashi. Ƙwayar mura ko korona ba ta shiga ƙashi ta lanƙwasa shi. Abin da ke faruwa shi ne tsokokin da ke tallafe da baya sun saki saboda kwanciya, tari kuma ya gajiyar da su, jiki ya zube a kan karkatar da dama take nan. Idan ƙarfi ya dawo, tsayuwa takan dawo. Babbar karkata, wadda ta haura digiri 50, takan ƙaru a jikin babba a hankali, wajen digiri ɗaya a shekara, ba a wata guda ba.

A nan ne wani zai kawo shawarar a kai shi wurin mai ɗori, ko a samu ƙaƙƙarfa ya taka bayan ya miƙe. Kada a yarda. Karkatar da ta shekara ashirin ba ta miƙewa da dannawa, haƙarƙarin tsoho kuwa ko tari mai ƙarfi yana iya tsaga shi. Haka ɗaure ƙirji tamau da zane ko bel: yana rage ciwo, yana kuma rage numfashi. Tausa mai laushi da tsumma mai ɗumi sun isa.

Ciwon da ya sha bamban shi ne wanda ya zo farat ɗaya a wuri guda, ko ya zo da sanyin ƙafa, ko mutuwar jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida. Wannan laka ce ko jijiya ta matsu, kuma awoyi ake ƙirgawa.

9. Ya motsa, amma kada ya ci bashin gobe.

Kwanciya tana cinye tsoka, gaggawa kuma tana mayar da jinya baya. Tsakaninsu ake bi. A fara da zagaya tsakar gida minti biyar, sau biyu ko uku a yini, a ƙara kaɗan bayan 'yan kwanaki. Ma'auni mai sauƙi: idan yana tafiya yana iya magana, daidai ne, idan sai ya tsaya kafin ya amsa gaisuwa, ya rage. Idan haki ya taso, ya jingina hannuwa a bango ko a gwiwa, ya ja ta hanci, ya saki a hankali ta tsukakken baki kamar mai hura kunu.

Wasu bayan korona sukan yi aiki yau lafiya lau, gobe ko jibi su kasa tashi. Mai irin wannan ba a matsa masa da ƙarin motsa jiki, rage masa ake yi har a gano iyakarsa, ya zauna a cikinta tukuna.

Aikin gida shi ne motsa jikin da ba a lissafawa. Daka, jan ruwa a rijiya, ɗaukar bokiti a ka, goyo, wanki a sunkuye: a ɗauke mata su na wasu makonni, a ba ta na zaune, tsinkar zogale ko tsintar shinkafa, don kada ta ji an mayar da ita kaya. Magidanci ya koma kasuwa rabin yini kafin cikakke, ya bar doguwar tafiya a kan babur. Salla a zaune ga wanda tsayuwa ko ruku'u ke sarƙe wa numfashi sauƙi ne da shari'a ta bayar, haka ajiye azumi a rama ga mara lafiya. A tuna masa, domin kunya takan hana manya karɓar rangwamen da aka yi musu.

10. Ku tsare iskar ɗakinsa.

Maƙogwaron da bairos ya bi ta cikinsa yakan zauna da saurin harzuƙa makonni. Hayaƙin itace, maganin sauro na kunnawa, fiya-fiya, taba, shisha, duk a nisanta. Turaren wuta ma, na san wannan ba zai yi wa uwargida daɗi ba, a turara ɗakin yana waje, a buɗe taga kafin ya shigo. Maimakon hayaƙi a kafa gidan sauro. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da janareto a bakin taga suna kashe masu lafiya ma, balle shi. Ranar da hazo ya sauko ya rage fita, in ya zama dole ya sa takunkumi, a kuma yayyafa ruwa kafin shara.

11. Abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa.

Cikin da ya cika da tuwo yana tokare huhu daga ƙasa, kuma a jikin mai karkataccen baya wurin dama kaɗan ne. A raba abincin gida huɗu ko biyar, na dare ya zama mara nauyi, a ci da wuri. Tsoka da wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa da awara take ginuwa, ba da farin kunu kaɗai ba.

12. Ku yi shirin ciwo na gaba tun yanzu.

Kowane ciwon ƙirji yana iya tafiya da wani abu daga ajiyar. A tambayi likita allurar riga-kafin mura ta shekara-shekara, da ta korona, da ta nimoniya, da inda ake samunsu. Mai mura a gida ya kwana a wani ɗakin, ya riƙa wanke hannu. Jikoki masu majina a hana su hawa gadon kaka na 'yan kwanaki, ko za ta yi fushi. Mai zuwa dubiya yana atishawa ya gaisa daga ƙofa. Ladansa na nan. Mai niyyar Hajji ko Umara ya ga likita tun kafin biyan kuɗin kujera, don kowa ya san tarin da alhazai ke dawowa da shi. Mace mai tsananin karkata da ta samu ciki bayan irin wannan jinya ta fara awo da wuri a babban asibiti, ta kuma haihu a can.

13. Ku haɗa ledar asibiti, ku haddace alamomin da ba a kwana da su.

A leda ɗaya a tara hotunan baya da na ƙirji, sunayen magungunan da yake sha, da ɗan littafin nan mai lambar oksijin ɗinsa ta ranar lafiya. Idan za a yi masa gwajin hura iska don auna ƙarfin huhu, a tuna wa ma'aikacin ya auna faɗin hannuwansa a buɗe, daga yatsa zuwa yatsa, maimakon tsayinsa. Karkata ta rage masa tsawo, kuma idan aka yi lissafi da gajeren tsayin sakamakon zai fito da kyau fiye da gaskiya.

Alamomin su ne: haki yana zaune ba ya komai, numfashin da ya kai 30 a minti ɗaya, alhali na babba 12 zuwa 20 ne, kasa ƙarasa jimla, leɓe ko harshe ya canja launi, barcin da ake tashinsa da ƙyar, ko sambatu, zazzaɓin da ya tafi ya dawo da kaki mai wari ko mai jini, ciwon ƙirji farat ɗaya ko bugun zuciya ba tsari, kumburin ƙauri ɗaya mai zafi, wanda gudan jini ke kawowa, kumburin ƙafafu biyu, wanda ke nuna zuciya ta fara gajiya da tura jini cikin matsattsen huhu. Ɗaya daga cikinsu ya isa. A zaunar da shi a jingine, kada a kwantar da shi rigingine a bayan mota, kuma da an isa a fara da gaya wa ma'aikacin jinya cewa bayansa a karkace yake. Ko ƙarfe biyun dare ne, a buga ƙofar maƙwabci mai mota.